Tsohuwar da Ke Gadin Rakena

Akwai rana guda da ba za ta fita daga kaina ba har a mai da ni ƙasa, ranar da mu tsofaffin garinmu muka tara matasa a ɗaki don mu koya musu tsoro. Ni ba mai riƙe abu ba ne. Motar auduga ta taɓa kifewa da ni a hanyar Funtuwa, na tashi na kakkaɓe riga. Na yi amai da gudawa shekarar da aka yi ta binne mutane. 'Yan bindiga sun taɓa tafiya da ni daji, na dawo da ƙafata. Duk waɗannan sai an tuna mini. Wannan kuwa da kanta take zuwa, kuma in ta zo kunya da dariya tare suke kama ni.

Ina da fadamar rake a bakin rafi, gadon mahaifina. Hanyar kasuwa ta gefenta ta bi, kuma duk mai noman rake ya san wannan masifa ce. A wurinmu, in mai wucewa ya karya kara ɗaya ya sha nan take, ba sata ya yi ba. Ka kai ƙara, a yi maka dariya, a ce kai marowaci ne. Ɓarawo shi ne wanda ya ɗaure dami ya tafi da shi gida. Shi ya sa masu rake a bakin hanya ke wuni a gona, ba don su doki kowa ba, don dai a ji nauyin idonsu. Ni a da ban taɓa wuni ba. Ina da mai gadi. Ba ta ci, ba ta barci, ba ta zuwa biki.

Ga yadda na same ta. Zamanin kaset ɗin bidiyo, wasu masu shirya fim suka zo daga birni suka roƙi mahaifina aron fadamar. Ni lokacin ina Funtuwa ina dakon auduga, ban ga zuwansu ba. Fim ɗin ban tsoro suka yi. Labarin wata tsohuwa ce da aka kashe a gonarta, ta riƙa dawowa. Takan fito daga cikin rake da baya da baya, muciya a hannu, sai ta zo daf da mutum ta juyo ta ce, "Wa ya sha mini rake?" Shi ke nan. Wanda ta tambaya ba ya sake ganin fitowar rana.

A gidan kallo a Funtuwa na fara haɗuwa da fim ɗin. Da aka nuno giginyar bakin rafinmu na gane wurin. Da na dawo gida na tarar tsoro ya riga ni isowa. Waɗanda suka leƙa lokacin da ake ɗauka suna rantsuwa cewa abin da aka ɗauka daban, abin da ya fito a kaset daban. Wasu suka ce wanda ya yi wasan tuni ya haukace. Na tambayi mahaifina. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Kai dai ka riƙa addu'a in za ka shiga."

Daga nan babu wanda ya sake taɓa karan nan. Mata masu zuwa kasuwa suka fidda wata hanya ta bayan maƙabarta, wai ta fi kwanciyar hankali. Ni kaina ba na shiga sai rana ta take. Mahaifina ya rasu, tsohuwa ta ci gaba da aikinta. Duk shekara masu mazarƙwaila su zo daga wajen Gozaki, su sare suna karanto addu'o'i, su loda su tafi. Da raken nan na yi wa ɗakuna rufin kwano, da shi na ciyar da gida. Ban taɓa yi wa tsohuwar godiya ba, don ban so ta san ina nan.

To, shekarun baya kaɗan sai aka ce an sake yin fim ɗin. Wanda ya kawo mana labarin wani saurayi ne mai shagon cajin waya, mai baki kamar rediyo. Majalisarmu a ƙofar shagon wani tela take, abokina tun muna kiwon awaki. Telan nan shi ne sarkin masu son tsohon fim. Yakan ce ya kalle shi sau ba adadi, ya haddace shi kamar sunan 'ya'yansa. Mai caji ya zo ya durƙusa ya gaishe mu, ya miƙa masa waya.

"Baba, ga tsohuwarku. An yi mata wanka."

Muka haɗa kai a kan wayar. Ga rake, ga hayaƙi, ga kiɗa. Sai ga wata yarinya ta fito, fara tas, lalle har gwiwar hannu, gashi na sheƙi kamar wutsiyar doki. Ba da baya ta fito ba ma, gaba ta tunkaro tana rangwaɗa. Ta iske saurayi, ta karya rake ta miƙa masa, suka kama waƙa.

Tela ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Wannan ce fatalwar? Da jan baki?"

"Zamani ne, Baba."

"Zamanin gidanku. Ina muciyar?"

"Ta ajiye. Ita wannan ba ta tuƙa tuwo."

"To wa take kashewa?"

"Ba ta kisa, Baba. Soyayya take. Amma a ƙarshe ana kuka."

"Ai dole a yi kuka," in ji tela. "Ni ma yanzu zan fara."

Gari ya rabu biyu. Tsofaffi suka ce an ci mutuncin gawa. Wani tsohon direba a majalisarmu ya ce in da yana da ƙarfi da ya je birni ya samu wanda ya shirya shi ya mare shi a gaban iyalinsa. Matasa suka ce tsohon fim ɗin ma wa ya gan shi, labari kawai ake ba su tun suna goye. Mata suka raba ƙafa. Matata ta kalla a wayar surukarta, na tambaye ta ko ta tsorata, ta ce, "Ni dai zanen jikinta ne ya tsaya mini a rai." Shi kansa tela 'yan mata suka dame shi da yadi, kowa na son ɗinkin fatalwa. Yana zagi yana ɗinkawa. Ya ce kai da ƙafa ba sa shawara, ƙafa keke take takawa.

Ni ban sa baki ba. Ba ni da yawan magana, kuma na ɗauka rigimar masu kallo ce. Sai wata Juma'a bayan an sauko na nufi fadama. Tun daga nesa na hango babura jere a gindin giginya. Ashe wani ya sa a waya cewa nan ne asalin wurin da aka yi na farko. Matasa ne daga Malumfashi, daga Tsiga, har da 'yan Funtuwa. Yarinya ta shiga cikin rakena ta ɓuya, ta fito tana rangwaɗa, ta karya kara ta miƙa wa saurayi, wani na ɗauka da waya. In bai yi kyau ba a sake. Kowace sakewa da karanta.

Na tare wani dogo mai matsattsen wando. "Kai, wa ya ba ka?"

"Sannu Baba. Ɗaya ne fa."

Na tare wani. Ɗaya ne fa. Na tare wata yarinya, ta rusuna ta gaishe ni da ladabi, bakinta cike, ta ɗaga yatsa ɗaya. Na ce musu ba ku tsoron tsohuwa? Suka ce ita suka zo nema, ko Allah zai sa ta fito a yi hoto.

Na je wurin mai unguwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "A cikinsu wa ya ɗaure dami?" Na ce babu. Ya ce, "To, Malam, me zan kama? In na hana ɗaya, gobe a ce garinmu ba a ba baƙo ruwa." Yana maganar ina kallon tuƙar rake a gefen tabarmarsa. Ban tambaya ba. Na san launin karana.

Kafin wata ya mutu bakin fadamar ya yi gibi kamar bakin tsoho. Masu mazarƙwaila suka aiko cewa in haka za a ci gaba ba sai sun wahalar da mota ba. Wannan ita ce ta tashe ni. Raken nan shi ne cin shekarata. Na je majalisa na zauna, na ce wa tela, "Za su ƙarar da ni."

Tela ya tsayar da keke. "Magani ɗaya ne. Su ga na gaskiya. Wallahi duk wanda ya ga tsohuwar nan da idonsa, ko sukari ba zai sake sa wa a koko ba."

Duk majalisa ta yarda. Sauran a samo kaset da na'urar da za ta ci shi. Aka yi ta cigiya har aka kwatanta mana wani mai gyaran rediyo a Malumfashi, ɗan ƙabilar Ibo amma haifaffen garin, wanda mahaifinsa ya riƙa ba da hayar kaset a da. Muka hau mota ni da tela. Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur, ya zazzage, kyankyasai suka watse, ga kaset. Ya hura masa iska ya ce, "Baba, zan zo in haɗa muku. Amma ni ba zan kalla ba. Mama ta hana mu tun muna yara, wai yayana ya yi fitsarin kwance har ya shiga sakandare." Tela ya dube ni yana murmushi. Ya ce, "Ka ji ko? Har Kirista."

Aka karɓi aron gidan kallon ƙwallo, wani ɗakin langa-langa a bakin kasuwa. Aka sa rana bayan azahar, don babu tsohon da ya yarda a yi bayan magariba. Aka toshe kafofi da buhunan taki ya yi duhu. Matasa suka cika shi maƙil, 'yan mata a baya. Mu tsofaffi aka ba mu bencin gaba. Tela ya sa aka ajiye bokitin ruwa saboda masu suma. Ya miƙe ya yi jawabi.

"Duk wanda ya san yana da hawan jini ya fita tun yanzu."

"Baba, ai ku ne masu hawan jinin," in ji mai caji.

Kafin a tada janareto matasa suka ce a ɗan kwatanta musu ita. Direba ya ce idanunta garwashi ne. Wani ya ce ina, ba ta da ido ko ɗaya, haƙora ne har ƙirji. Tela ya ce duk ƙarya suke, ƙafar jaki gare ta, shi ne abin tsoron. Aka tambaye ni. Na ce doguwa ce. Har suka fara musu da juna. Na lura babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya, amma ban kawo komai a raina ba. Na ce tsufa ne.

Aka kunna. Hoto na rawa, sauti kamar ana suyar ƙosai. Matasa suka yi ta guna-guni, tela na cewa ku dai jira. Aka yi ta tafiya har aka nuno giginya. Ganga ta fara a hankali. Ganyen rake ya motsa. Ni da na kwana a hannun masu bindiga ban rufe ido don tsoro ba, sai na ji jikina ya yi abin da ya saba. Hannu ya tafi da kansa ya jawo hula ya rufe mini ido. Na ji takun ƙafa. Na ji muryar nan. "Wa ya sha mini rake?"

Na jira ihu. Sai na ji wani abu kamar rufin ɗakin ya faɗo. Dariya ce. Dariya irin ta riƙe ciki, har da masu buga benci.

Na ɗaga hular kaɗan na leƙa gefe. Tela ya cusa fuska cikin hannun rigarsa. Direba ya sa kai tsakanin gwiwoyi yana salati. Wanda ke kusa da shi ya juya wa talabijin ƙeya gaba ɗaya. Na ƙarshen benci babu shi, sai takalmansa. Duk bencin gaba babu ido ɗaya a buɗe.

Mai caji ya haska mu da fitilar waya. "Jama'a, ku dubi iyayenmu! Baba, ku buɗe ido mana, ta wuce!" Ya leƙa waje ya kira mai gyara. "Oga, shigo ka mai da baya. Wallahi yau sai sun gani."

Aka mai da baya, aka tsayar daidai wurin. Aka yi ta lallashinmu kamar yara za a ba magani. Na cire hula na duba. Wannan shi ne karo na farko da na ga mai gadina.

Ƙato ne. Namiji. An shafe masa fuska da toka, an manna masa auduga a ka, wani gefen ya ɓalle yana lilo. Zanen da aka ɗaura masa bai kai gwiwa ba, ga ƙwauri duk gashi. Agogo a hannu. Takalmin roba a ƙafa, ɗaya an ɗaure da waya. Da aka saki hoton ya ci gaba, sai ga shi yana tafiya da baya yana waiwaye don kada ya faɗa rafi. Ya yi tuntuɓe ya dogara da muciya. Wata akuya ta biyo shi tana jan bakin zanen, yana harbinta da ƙafa a ɓoye.

Tela ya daɗe yana kallo. Ya ce, "An canza kaset."

Mai gyara, wanda shi ma yanzu yake gani, yana share hawaye. "Baba, wa zai canza? Kyankyaso?"

"To ina ƙafar jakin?"

Na juya na dube shi. "Kai, ka taɓa ganinta kuwa?"

Ya ce, "Ai wurin ba na kallo da ido ba ne." Can ya ce, "Kai fa?"

Na mai da hulata a ka. Shekara da shekaru muna ba da labarinta, muna rantsuwa a kanta, muna zagin waɗanda suka ɓata ta, ashe duk garin babu wanda ya taɓa tsayawa ya dube ta. Da ganga ta fara kowa ke rufe ido ya ƙera tasa. Shi ya sa ta fi ƙarfin kowa. Kowa da hannunsa ya yi ta daidai da abin da ba zai iya ɗauka ba.

Ana cikin haka wata yarinya daga baya ta ce, "Wane ne wancan a gefe?"

Aka sake tsayarwa. A can kusurwar hoton, inda masu ɗauka ba su lura ba, wani dattijo ne zaune a kan kututture, hula a karkace. Rake ne a bakinsa. Yana kallon fatalwa da akuya yana dariya har ya dafe ciki.

Mahaifina ne.

Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin. Shi ne, da rigarsa ta zuwa gona. Muciyar ma da na duba da kyau ta gidanmu ce, mai ƙonannen baki, wadda mahaifiyata ta yi ta cigiya. Wato ya san komai. Ya ga gari ya tsorata, ya ga rakensa ya huta, ya ja bakinsa ya yi shiru har kabari. Ni ɗansa ma ya bar ni ina shiga gonarmu da addu'a a baki.

Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Kai, tsohon nan!"

Tela ya gaya musu ko wane ne. Aka ce Allah ya ji ƙansa, aka shafa. Sai akuya ta sake jan zane, dariya ta dawo sabuwa. Har da ni. Ban taɓa mallakar hotonsa ba. Mai caji ya ɗauka daga jikin talabijin, daga baya ya wanko mini. Bai fito sosai ba, amma dariyar ta fito.

Rake kuwa ya tafi. Da, matasa ne kaɗai ke sha. Bayan ranar nan mata suka bar hanyar maƙabarta suka dawo ta gefen fadama. Tsofaffi suka fara yawon motsa ƙafa. Kashegari da hantsi na tarar da tela da kansa a gindin giginya, ya karya wani mai kauri yana ɓarewa da sauran haƙoransa.

"Har da kai?"

"Shekara nawa ina wucewa ta nan ina haɗiye miyau," in ji shi. "Ɗaya ne fa."

Masu mazarƙwaila suka zo, abin da suka sare bai rufe ƙasan mota ba. Shekarar nan sai da na sayar da tumaki muka kai damina. Matata ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, mutane na korar ɓarawo, kai ka yi hayar janareto ka kori mai gadi." Na ci tuwona.

Yanzu na kafa rumfa a bakin fadama, ina wuni kamar kowane mai rake. Masu hoto har yau suna zuwa jefi-jefi, wasu su yi na yarinya mai rangwaɗa, wasu su manna auduga a ka su yi na ƙaton. In suka ga idona sai su saya. Rigimar tsoho da sabo kuwa ba ta mutu ba. Tela na nan kan bakansa cewa na da ya fi. In aka ce ai bai gani ba, sai ya ce shi ya sa ya fi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kafin ka yi wa yaro barazana da abu, ka fara buɗe ido ka dube shi kai kaɗai, ƙofa a rufe. In kuma ka duba ka ga ƙato ne da auduga a ka, alhali shi ke ciyar da gidanka, to kada ka tara jama'a. Ka yi shiru, ka sha rakenka.